Mota Marar Ƙara a Gangaren Kwarin Gawo

Konni, ran Lahadi

Zuwa ga Yayata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Tun da ɓarayi suka ƙone ƙarfen rezo na garinku ba a samun ku a waya, shi ya sa na ba Sufyan, direban kamiyon albasa, wannan takarda. Hannun hagu suka karya mini, na dama yana nan, da shi nake rubutu. Kwana uku na yi a likitar Illela ban san inda kaina yake ba. Da na farka na ce ina Baba, aka ce ai an rufe shi tun ran Juma'ar da la'asar. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba.

Abu guda nake nema wurinki, Yaya: sunan wanda ya harbe shi. Ba jandarma zan kai wa ba, kin san ni, ba sai na yi miki ƙarya ba.

Na ji a garinku ana cewa ni na jawo. To bari ki ji yadda aka yi. Tun da fetur ya yi tsada, taksi ta daina ciyar da mai ita, yini guda kana tuƙi masu ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, kake yi wa bauta. A fakin motoci na Alhaji Mika'ilu, nan bakin hanyar Tsarnawa, akwai wasu motoci biyu farare na hannu, masu aiki da kuran, wato wutar lantarki. Sun daɗe a ajiye, mutane su zo su leƙa su yi dariya su tafi. Na ɗauki Baba muka je, don mutumin da ya yi shekara talatin yana jan kamiyon siminti daga Malbaza ko taya ba na saye sai ya gani. Ya buɗe gabanta yana neman inji, bai ga komai ba sai wani akwati da wayoyi. Ya ce, "Alhaji, wagga an sace mata hanji ko?" Alhaji ya ce, "Malam Lawali, wagga ba ta shan isanshi, rana taka ci." Ya nuna mana faifan solar da ake cika ta da su a bayan buronsa, wato ofishinsa.

Muka fita gwaji har kusa da Tsarnawa. Yaya, da kin ga Baba! Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai Muttaƙa, kukan kurciya nika ji, ina cikin mota!" Ya yi ta dariya har da hawaye. A ranar na saye ta. Shi ya ce kada a aika miki, yana so ya ga idonki in muka tsaya a ƙofar gidanki.

Washegari Juma'a muka kamo hanyar zuwa wurinki. Na san dokar garinku, kowane direba ya san ta: duk abin hawan da zai sauko gangaren Kwarin Gawo sai ya tsaya a kan tudu, wurin tarin duwatsu, ya taka mai inji ya yi ruri sau uku. Na tsaya. Na taka, shiru. Sai a lokacin na tuna wannan ba ta da rurin da za ta yi. Na sa giya na sake takawa da ƙarfi, ko za ta yi wani kuka, sai ta zabura ta yi ƙasa da gudu. Na danna hon, matacce ne, haka Alhaji ya sayar mini da ita. Na ji ana buga ƙarfe a ƙasa, na ga maza na fitowa daga masallaci ba takalmi. Baba ya sauke gilashi ya fitar da kai, yana kaɗa hularsa yana cewa, "Ni na, Lawali! Ni na!" Harbin ya same shi a ƙarƙashin haɓa. Jininsa ya wanke mini fuska, da ɗuminsa, ban ƙara ganin hanya ba, muka faɗa rumbun albasar wani.

Suka ja ni waje ta taga. Taɓarya, sanda, ƙotar fartanya, ba abin da bai sauka a kaina ba. Wani ƙato ya faɗo mini ya danne ni da ƙasa har na ji haƙarƙarina sun karye. Daga nan ban san komai ba.

Bindigogi nawa ne a garin nan? Mijinki Chindo shi ne shugaban 'yan banga, ba a harba ko ɗaya bai sani ba. Ki rubuto sunan ki ba Sufyan ran kasuwar Badaguishiri. Wassalam.

Ƙanenki,
Muttaƙa

Kwarin Gawo, ran Alhamis

Ƙanena Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da na ga rubutun hannunka, don ranar da aka ɗauke ka a kan amalanke ban zaci zan ƙara ganin sa ba. Ya jiki? Ya matarka Rashida, ya haƙurinta? Ka ce ta riƙa gasa maka haƙarƙarin da ruwan ɗumi.

Kai ba ka nan da damina, labari ka ji. Babura takwas suka kashe inji a kan tudu suka gangaro, ko kare bai yi haushi ba, maza suna sujada. Mutum huɗu suka yanka a ƙofar masallaci, ɗaya a gaban idona. Tun daga ranar, a garin nan abin hawan da ke tafiya ba ƙara ma'anarsa ɗaya ce: an kashe inji da gangan, mutuwa ce tafe. Wa ya taɓa gaya mana an ƙera mota wadda haka Allah ya yi ta? Ga ta fara fat, gilashi baƙi, ba a ganin na ciki, ta tsaya a kan tudu kamar mai leƙe, sannan ta taho a guje. Ko kai ne a ƙasa me za ka ce?

Ladan Mohammed ne ya tsinci hular ya gane ta. Ya yi ta ihu, "Ku dakata! Malam Lawali na! Ɗan garin ga na!" Sanduna suka zube. Na ga manyan maza sun zauna a ƙasa suna kuka kamar mata. Na ɗora kan Baba a cinyata, da sauran numfashi, a nan ya cika. Zanen da na ɗaura ranar ban iya wanke shi ba, ban iya jefar da shi ba.

Kafin a gane ku samari sun riga sun cinna wa motar wuta. Aka zuba ruwa, aka zuba ƙasa, ta mutu, can sai ta sake tashi da kanta tana tartsatsi da wani hayaƙi mai shaƙe wuya. Kwana biyu tana haka. Tsofaffi suka ce alhakin Baba ne. Jandarma sun zo daga Badaguishiri sun kwashe bindigogi uku, sun tambayi kowa, ba wanda ya ce uffan.

Suna kuwa ba zan ba ka ba. Ni na goya ka, na san zuciyarka tun kana jifan kaji in an hana ka fura. Na binne uba, ba zan ba ka abin da za a rataye ka a kansa ba. Ka zo sadakar arba'in hannunka ba komai, in kai ka kabarinsa, yana gabas da tsohuwar rijiya kusa da na Inna. Don Allah, don Annabi, ka yi haƙuri.

Yayarka,
Hamdiyya

Wajen Malbaza, ran Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardarki. Haƙuri kika aiko mini, ban ce ina nema ba.

Ran Laraba da hantsi na je fakin Alhaji Mika'ilu da ƙarfen kwance taya. 'Yar'uwar motata tana nan an wanke ta, an ma rataya mata kwali wai ana sayarwa. Na fara da gilashin gaba, na bi fitilu, na bi tagogi, hannu ɗaya gare ni amma ya isa. Mai gadi ya taho, na nuna masa ƙarfen, ya tuna yana da iyali. Sai ga Alhaji ya fito daga buro da tasbaha a hannu yana cewa, "Muttaƙa, tsaya ka jiya, ɗana, tsaya." Ɗansa! Na ba shi ɗaya a kafaɗa, na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya durƙusa, na ba shi na biyu a baki. Na ga haƙoransa a ƙasa cikin fasasshen gilashi, jini ya ɓata farar shaddarsa har gwiwa. Na ce masa, "Ga hon ɗinka nan, danna mu jiya!" Da mutanen gareji ba su rufe ni ba, da yanzu an yi sadakar ukunsa. Na fizge na haura katanga.

Na zaci zan ji sanyi. Wallahi ban ji ba, sai ma wutar ta ƙaru. Shi ɗan kasuwa ne, mugun kaya ya sayar, ya samu rabonsa. Wanda ya ɗaga bindiga ya saita tsoho mai kaɗa hula yana can yana cin tuwo.

Jandarma na nema na, ina wani wuri da Sufyan kaɗai ya sani. Kuma ba sai kin wahalar da kanki ba, shirunki ya ba ni sunan. Na ambaci Chindo a takardata, kin cika shafi biyu ba ki ce ba shi ba ne. Da wani ne da kin wanke mijinki tun a layin farko. Kin zaɓi uban 'ya'yanki a kan ubanki, ki je ke da Allah.

Na sayi adda a kasuwar Malbaza, maƙeri ya wasa mini ita. Zan zo ran arba'in kamar yadda kika ce. Ki gaya masa, ba na son a ce na zo masa a ɓoye.

Muttaƙa

Birnin Konni, ran Alhamis

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Alhaji Mika'ilu mai sayar da motoci, zuwa ga Malama Hamdiyya, 'yar marigayi Malam Lawali.

Bayan gaisuwa mai yawa da ta'aziyya, Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya ba ku dangana. Ba ki san ni ba. 'Yata Mubaraka ce take rubutawa, ni ina faɗa mata a hankali, domin likita ya ɗaure mini muƙamuƙi da waya sakamakon abin da ɗan'uwanki ya yi.

Ban rubuto don ƙorafi ba. Akwai maganar da nake so wani daga zuriyar Malam Lawali ya ji, kuma ɗan'uwanki bai bar ni na faɗa ba.

Gaskiya ne hon ɗin motar ba ya aiki. Amma ba a ɓoye na sayar ba. Mahaifinku ne ya fara ganowa, tun kafin su fita gwaji, domin direba ne na gaske. Na ce masu na aika Sakkwato a kawo sabo, zai iso ran Litinin, su bar ta nan kwana huɗu. Malam Lawali ya ce, a gabana da gaban makanikena, "Ba ni shiga mota wadda ba ta da baki. A jira Littinin." Muttaƙa ya ce, "Haba Baba, wa za ni yi ma hon cikin daji? Jumma'a kowa na gida, ran nan ya kamata su gan ka." Ya yi ta lallashi, har da durƙusawa cikin wasa, tsohon ya yi dariya ya ce to.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Wata bakwai motocin nan suna zaune suna cin fili, abokan sana'a suna yi mini ba'a. Da na ga mai saye, sai na miƙa makulli ina murna. Ni ne babba, da na riƙe makullin har Litinin ba wanda zai tilasta mini. Wannan zan amsa shi gaban Allah.

Na kai ƙara jandarmari, kuma an zo an roƙe ni in janye, na ƙi. Ba don haƙorana ba. Sufyan direba ya shaida mini abin da yaron nan ya saya a Malbaza da ranar da ya sa. In aka kama shi kafin nan, an tsirar da rai biyu. In ba a kama shi ba, ina ba ki shawara maigidanki ya bar gari. Mutumin da ya san nasa hannun na ciki ya fi kowa zafin neman wanda zai ɗora wa.

Allah ya kiyaye gaba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji Mika'ilu

Kwarin Gawo, ran Lahadi

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka kafin ka taso. Na roƙi Sufyan ya bar lodinsa ya nemo ka duk inda kake.

Alhaji Mika'ilu ya rubuto mini, na ji maganar hon da abin da Baba ya ce. Ban ɗauko ta don in soke ka ba. Ba ni da bakin da zan soki kowa, yanzu za ka ji dalili.

Chindo ya ƙi barin gari. Ya ce in ka zo zai fito ya tsaya, ba zai ɗaga maka hannu ba. To ka sani, ranar ko sanda ba ya riƙe da ita. Yana sahun gaba, shi ya fito ƙarshe daga masallaci, ya tarar ana dukanka. Shi ya fara gane ka. Ya yi magana ba mai ji, sai ya faɗa kanka ya rufe ka da jikinsa. Ƙaton da ka ce ya danne ka har haƙarƙarinka suka karye, shi ne. Taɓaren da za su fasa maka kai a bayansa suka sauka. Har yau a kife yake kwana, yatsunsa biyu na dama sun mutu.

Mutum uku suka yi harbi a tare, su kansu ba su san na wa ya samu ba. Amma ba su suka fara ba.

Tun bayan harin damina, duk Juma'a in maza sun shiga masallaci mace ɗaya take zama gadi a kan soron tsohon sito, inda ake hango tudu. An rataye ƙarfen taya a wurin, in ta ga abin tsoro ta buga. Ranar layin maƙwabciyata Zahara'u ne, naƙuda ta kama ta, na ce ta kwanta ni zan hau. Ni na ga farar mota ta tsaya wurin duwatsu. Na kasa kunne ina jiran ruri uku, ban ji ba. Da ta zabura, na ɗauki guduma na buga, na buga, ina ihu, "Sun zaka! Sun zaka! Ku hito!" Na ga hannu ya fito ta taga da wani abu, na ce bindiga ce, na ƙara ƙarfi ina nuna wa masu harbi da yatsa, "Ga shi nan, na gaba!" Hular Baba ce, Muttaƙa. Ni na nuna shi.

Shirun da garin nan ya yi wa jandarma ba don masu bindiga ba ne, don ni ne. Suna tausayina, tausayin kuwa ya fi duka ciwo. Mata in sun gan ni a rijiya sai su karɓi gugana su ja mini ruwa, ba mai kallon idona.

Ka ce ban wanke mijina ba. Gaskiyarka. Tsoro na ji. Na san in na cire sunansa za ka tambayi na gaba, da na gaba, har ka iso kaina. Na bar ka kana wasa adda saboda mutumin da ya ba da bayansa dominka, shi kuma yana ji yana gani bai ce in faɗa ba. Wannan kunyar ta ishe ni, ba zan ƙara kwana da ita ba.

Ka nemi suna, ga shi: Hamdiyya. Ran arba'in zan tura yara gidan kakarsu, in zauna a ƙofar gida. Ba zan gudu ba, ba zan buga wa kowa ƙarfe ba. Abin da ka ga ya dace ka yi. Ka dai bar Chindo.

Yayarka,
Hamdiyya

Konni, ran Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sufyan ya same ni jiya da hantsi a tashar Tsarnawa, ina jiran motar Badaguishiri, addar tana cikin buhu. Na karanta, na sake karantawa. Motar ta cika ta tashi ina zaune.

Abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne, duka. Baba ya ce ba ya shiga, ni na sa shi.

Na tambayi kaina, in na zo na gan ki zaune a ƙofar nan, me hannuna zai yi? Na so in ce ba komai. Wallahi ban samu amsar da na yarda da ita ba. Sai na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na zo jandarmarin Konni, na ajiye buhun a kan tebur, na ce ni ne wanda ya daki Alhaji Mika'ilu. Sun tambaye ni maganar Kwarin Gawo, na ce jini ya rufe mini ido, ban ga kowa ba. Jibi za a kai ni gidan kaso.

Ku yi sadakar ba ni. Kada ki tura yara ko'ina, ba mai zuwa. Ki ƙone takarduna, na ƙone naki.

Kada ki zo, kada ki aiko da abinci. Ban yafe miki ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba, kaina ma ban yafe wa ba. Ƙofar nan da na sa suka kulle a kaina, ita ce iyakar abin da zan iya yi miki yanzu.

Ƙanenki,
Muttaƙa